Rabin Kitson Latifa

Matajin ya sake suɓucewa daga hannun Halidu, ya faɗi kusa da ƙafar Latifa. Yarinyar ta ɗauka, ta miƙa masa ta bayan kafaɗa ba tare da ta juyo ba.

"Baba, ka gaji?"

"Tsaya cik, ke dai. Wa ya ce miki na gaji?"

Ramatou tana bakin murhu tana turara dambun da take sayarwa a ƙofar gida, amma idonta na kansu. Bazabarma ce haifaffiyar Yamai, mijinta ya rasu da daɗewa, kuma a wannan gidan haya na unguwar Talladjé ba a yin tari ba ta ji ba. Ɗakinta na manne da na Halidu kafinta. Ta ga yadda yatsunsa suka kumbura kamar rogon da aka jiƙa, yana kama gashi yana saki, gumi na ɗiga daga haɓarsa alhali a inuwar dogon yaro suke. Gefen dama na kan Latifa ya kitsu, layukan nan nasa karkatattu da duk unguwa ta sani. Gefen hagu kuwa yana nan a tsefe.

"Baban Latifa, kawo ta in ƙarasa mata," in ji Ramatou. "Dambuna ya kusa."

"A'a Yaya, na gode. Gobe in Allah ya kai mu na ƙarasa."

Ta san haka zai ce. Mutumin nan taurin kansa ya fi na katakon da yake yankawa.

Labarin kitson nan tsoho ne a gidan. Lokacin da aiki ya ja baya a rumfarsa ta kasuwar Katako, kuɗin cefane suka zama abin faɗa kullum safiya tsakaninsa da matarsa Nafissa. Ita tana so ta fita ta nemi nata, shi yana ganin an raina shi. Wata rana baki ya riga hankali, ya furta saki. Da ta zo tafiya gidansu a Tawa ta kama hannun ɗiyarta, sai ya fizge yarinyar, ya ce 'ya ta uba ce. Ramatou na tsaye a bakin pompo da bokiti, da kunnenta ta ji sauran maganar.

"Ko gashin kanta ba ki sake taɓawa!"

Nafissa ta fita tana kuka, shi kuma ya zauna da 'yar shekara biyar da kan da ba ya jira. Da farko ya kai ta wurin mai kitso. Sai ya lura dala ɗarin nan ta kowane mako kuɗin burodi ce da madarar safe. Ya samo igiyar rama ya ƙusance a jikin teburin aikinsa, in ba mai saye sai ya yi ta koyon saƙa, abokan rumfa suna yi masa dariya suna tambaya ko zai buɗe shagon kitso. Kitsonsa na farko, kan yarinyar sai ka ce kunyoyin gonar rago. Matan gida suka yi dariya har da riƙe ciki, Ramatou ma ta yi, Allah na gani. Ba ta sake yi ba tun ranar da ta ji Latifa tana gaya wa wata yarinya a bakin titi, da ɗaga kai, "Babana ne ya yi mini."

Haka ya riƙe gida shi kaɗai. Ya tashi ya dafa shayi, ya wanke kayan lekol, ya ɗora Latifa a keke ya sauke ta a makaranta, sannan ya nufi Katako. Abin da ya samu da yamma, haya ce ke fara cin rabonta, sai lekol, sai tukunya. Nasa rabon shi ne abin da ya rage, kuma sau da yawa ba ya ragewa. Ramatou ta sha ganin ya sayi dambu kwano ɗaya ya ajiye gaban yarinyar, ya ce shi ya ci a kasuwa. Ta kan ƙara cokali biyu ba ta ce komai ba, don mutum ne da in ka ba shi kyauta a fili sai ya daina gaishe ka.

Da ƙafafunsa suka fara kumbura ya ce tsayuwa ce. Da abin ya hau fuska, Ramatou ta tsare shi sai da ya je likita. Suka ce ƙoda ce, suka faɗi abin da wankinta zai ci, ya dawo ya ce mata sanyi ne. Daga baya ta ga keken ya ɓace, sannan babban zartonsa, sannan injin goge katako. Ba magani ya saya da kuɗin ba. Lekol ɗin Latifa ya biya har ƙarshen shekara, ya kuma rufe bakin mai gida.

Goben da ya ce ba ta zo ba. Litinin Latifa ta tafi lekol da ɗankwali a ƙarƙashin hijabi, shi kuma yana kwance a tabarma ya kasa kaiwa ko bakin pompo. Ramatou ta shiga da kunu, ta tarar da shi yana kallon hannuwansa a kan cikinsa.

"Boubacar ya kira," in ji shi. Boubacar wansa ne, manomi a wani ƙauye wajen Tasawa. "Ya ce yana tafe. Ya ce in ta Allah ta kasance, yarinya ta koma hannunsa."

"A ƙauyen akwai lekol?"

Ya ci gaba da kallon hannuwansa.

"Na tambaye ka, Baban Latifa."

"Akwai rijiya," ya ce a hankali. "Akwai daka."

Ramatou ta ajiye kofin da ƙarfi har kunu ya zuba. Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma tausayi ne ya ɓata shi.

"Kai wane irin mutum ne? Ka sayar da keke, ka sayar da zarto don ta yi karatu, yanzu ka kwanta ka bari a tafi da ita daka? Tana da uwa da ranta. Nafissa na share-share a wani kanti a Tawa, ba ta sake aure ba, kowane wata sai ta kira ni ta tambayi ɗiyarta. Ni ce ban gaya maka ba."

"Na yi magana a gaban mutane, Yaya."

"Mutanen ni ce da bokitina. Na yafe maka."

Bai yi dariya ba. Ya juya fuskarsa bango, ta ɗauki kofinta ta fita tana masifa da Zabarmanci.

Kwanakin da suka biyo baya, ɗakin ya fara warin ciwo. Liman ya zo ya yi addu'a, abokan rumfa suka zo suka zauna kaɗan suka ajiye abin da ya samu a gefen tabarma. In jirgin sama ya wuce ta saman unguwa kwanon rufi ya yi kururuwa, Halidu sai ya buɗe ido kamar an kira shi. Latifa na dawowa daga lekol ta zauna kusa da kansa tana yi masa fifita da marfin kwali. Gefen da ba a kitsa ba ya dunƙule ya fara yi mata ƙaiƙayi. Sau biyu Ramatou ta ɗauko mataji, yarinyar ta riƙe ɗankwalinta da hannu biyu.

"Tanti, Baba ya ce shi zai ƙarasa."

Ranar Alhamis da la'asar ya ce a ɗaga shi. Ramatou da wani maƙwabci, Mahamadou direba, suka jingina shi da bango. Ya ce wa Latifa ta zauna a gabansa, ta cire ɗankwali. Ya ɗora hannu a kan gefen da ya rage, ya nemi ya tsaga, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Ya gwada, ya sake gwadawa. Sannan ya bar hannun a kan gashin kawai, hawaye na bin kumatunsa, ba sauti. Mahamadou ya sunkuyar da kai.

"Yaya," in ji Halidu, "kira ta."

Ramatou ba ta tambayi wa ba. Ta lalubo lambar a salularta, ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta riƙe masa kusa da baki. Da Nafissa ta yi sallama, ya ja numfashi ya amsa.

"Nafissa, ni ne."

"Na ji muryarka. Ina jiki?"

"Da godiya." Ya dubi kan Latifa. "Kan yarinyar nan ya tsufa. Na yi rabi, hannuna ya ƙi. Ki zo ki ƙarasa mata."

Can ɗaya gefen ana jin hayaniyar titi. Nafissa ta ce, "Ka yarda in taɓa?"

"Ki taɓa. Ki tafi da ita, kar ta bar lekol. Abin da na yi miki, ki yafe."

"Na yafe, Halidu. Ni ma ka yafe mini. Gobe da motar safe ina hanya."

Bai jira motar ba. Juma'a da hantsi, Ramatou na wanke zogale, ta ji fifitar Latifa ta tsaya. Yarinyar ta fito bakin ƙofa da marfin kwalin a hannu, ta ce, "Tanti, Baba ya yi barci idonsa buɗe." Ramatou ta shiga ta rufe masa ido, ta ja zane ta lulluɓe shi, sannan ta fito ta rungume yarinyar, ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Bayan sallar Juma'a aka kai shi. Wansa Boubacar ya iso ana shirin ɗaukar makara. Nafissa kuwa sai da rana ta yi sanyi ta shigo da 'yar jakarta, ta tarar an shimfiɗa tabarmin gaisuwa.

Latifa ba ta ruga wurinta ba. Ta tsaya bayan Ramatou tana leƙen matar da ta sani a hoto da murya, har sai da aka tura ta.

Washegari Boubacar ya sa aka kira matan zuwa bakin zaure. Dattijo ne busasshe, kafaɗar rigarsa da faci, kuma babu mugunta a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Ɗiyar ƙanena amana ce a wuyana," in ji shi. "Abin da 'ya'yana suka ci, ta ci. Bayan addu'ar uku mu kama hanya."

Nafissa ta sunkuyar da kai. Sakakkiyar mace ba ta da bakin magana a zaman makokin gidan da ta bari. Ramatou ce ta gyara mayafi.

"Malam, marigayi ya bar magana. Ya ce uwarta ta tafi da ita. Ni na ji, Mahamadou ya ji."

"Haka aka yi," in ji Mahamadou.

"Mai ciwo yana faɗin abubuwa da yawa," in ji Boubacar. "Halidu da na sani ya rantse matar nan ba ta sake taɓa ɗiyarsa. Har gida labarin ya kai."

Ramatou ba ta yi gardama ba. Ta jawo Latifa gaba, ta zare mata ɗankwali. Gefe guda layuka karkatattu da suka fara tashi, gefe guda gashi a cukurkuɗe.

"Ka ga wannan? Hannun ƙanenka ne. Tun da ya koyi kitso, ba macen da ta taɓa kan nan, ko ni. Shi ke tsefewa, shi ke wankewa, shi ke kitsawa, ana yi masa dariya. Wancan gefen ne ya kasa. Da bakinsa ya ce ita ta ƙarasa."

Boubacar ya dubi kan yarinyar ya daɗe. Ya miƙa hannu kamar zai taɓa, ya fasa.

"Halidu ne ya yi wannan? Halidu namu?"

"Shi."

Dattijon ya goge fuska da hannun riga. Ya dubi ƙasa, ya dubi Nafissa a karo na farko.

"Kina iya riƙe ta? Da ci da lekol?"

"Abin da nike samu kaɗan ne, Yaya. Amma shi ma da kaɗan ya riƙe ta."

"To," in ji shi. Sai da ya nisa ya ƙara, "Da hutu ki kawo ta ta ga dangin ubanta." Ya tashi ya koma cikin maza, bayansa a ranƙwashe.

Ramatou ba ta ji daɗin da ta zaci za ta ji ba. Ɗakin da ke manne da nata zai koma hannun wani baƙo, kuma ba wanda za ta ƙara wa cokali biyu.

Da yamma Nafissa ta zauna a kujera 'yar tsugunno a ƙarƙashin dogon yaro, inda Halidu yake zama, ta zaunar da ɗiyarta tsakanin gwiwoyinta. Ramatou ta kawo mata matajinsa da ɗan sauran man kaɗe. Nafissa ta kai tsinke za ta fara tsefe tsohon kitson don ta yi sabo gaba ɗaya, sai Latifa ta ɗora tafin hannunta a kai.

"Ban da nan. Na Baba ne."

Nafissa ta ajiye tsinken. Ta juya kan yarinyar a hankali, ta taje gefen hagu, ta duba yadda layukan dama suka tafi, sannan ta tsaga nata layin na farko a karkace, ya bi nasa. Latifa ba ta sauke hannunta ba har inuwa ta rufe tsakar gidan.