Lambar Sirrin Milutin

Ina cikin faskare Gordana ta leƙo ta saman shinge, wai mahaifinta yana nemana. Na ce ta gaya masa shekarata tamanin da uku, ban taɓa kwana asibiti ba, kuma ba a kirana kamar kare. Amma na je.

Milutin, maƙwabcina tun muna yara, yana kwance kusa da murhu, likita ya riga ya sallamo shi. Makon jiya wayarsa ta faɗa kwamin aladu, a cikinta kuwa akwai muryar matarsa Stana, saƙonnin da ta tura masa kafin ta rasu. Gordana ta zo daga Jamus da sabuwar waya, ta ce komai yana ajiye a intanet, lambar sirri kawai ake so. Shi kuma ya manta ta. Sun gwada ranar haihuwarsa da ta aurensa, ta ƙi. Saura gwaji ɗaya ta kulle sai gobe, kuma duk wanda ya dube shi ya san ba zai kai goben ba.

"Ranar da na tsamo wannan jakin daga kogi ce," in ji Milutin. "Shi ya sani."

Ka ji fa. Shekara hamsin duk ƙauyen nan an san ni na ƙetare ambaliya da iyo, da ɗan maraƙi a kafaɗata. Na ce masa ciwo ya taɓa masa kai, ba wanda ya taɓa tsamo ni daga ko'ina. Na tuna masa yaƙi bai kashe ni ba, balle ruwa. Ya ce maraƙin dai ya nutse, ni kuma da gashin kai ya jawo ni ina kiran uwata.

"Kawu Dobri, don Allah," in ji Gordana.

Na ce in dai yana nufin ranar da ya tsaya a bakin gaɓa yana kallo, ban tuna ba. Ya rufe ido. Numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto. Mutumin nan ko mutuwa ba zai yi ba sai ya ɓata mini rai.

"Shida ga watan biyar, saba'in da ɗaya," na ce. "Da kwala ya jawo ni, ba da gashi ba."

Ta danna. Wani siririn layi ya fara rarrafe a fuskar wayar, ya fi rabin awa, ina zagin wanda ya ƙera ta. Milutin yana murmushi, ɗan banza.

Sai ga muryar Stana, tana faɗa kamar kullum: ya sha maganinsa, ya rufe kaji, ya daina biye wa Dobri maƙaryaci.

Gordana ta ɗora masa wayar a ƙirji. Wayar tana ɗagawa tana sauka a hankali da numfashinsa, Stana tana ta faɗa. Saƙo na huɗu bai ƙare ba wayar ta daina ɗagawa, ta tsaya cak.