Gurbi Talatin da Shida

Shekara ashirin da uku Pyo Man-sik ya yi yana kula da kwamfutocin wani kamfanin sayar da yadi a birnin Daegu, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa kiransa don wani abu ya yi kyau ba. Sai in na'urar buga takardu ta haɗiye takarda, ko wani ya shayar da kwamfutarsa romon taliya. Shi ya sa da Seok Jae-gu, shugaban ma'aikata, ya tako har teburinsa ranar Litinin riƙe da kofi biyu, sai da Pyo ya waiwaya ya ga ko akwai wani a bayansa.

"Tsoho, aiki ya same ka," in ji Seok. Wata huɗu kacal Pyo ya girme shi, amma tun ranar da aka ɗauke su aiki tare yake kiransa haka. "Sabuwar manhajar nan ta iso. Oda, neman hutu, saƙo, har tikitin abincin rana, duk ta cikinta za a riƙa yi. Kafin Juma'a a saka wa kowa."

"Har da kai? Ai sai an fara koya maka inda ake kunnawa."

"Shi ya sa nake da kai," Seok ya ce, ya dafa masa kafaɗa.

Kwamfutocin gidan duk a kulle suke. Ba wadda ke karɓar sabon abu sai an buga mata kalmar sirrin mai kula, kalmar kuwa a kan Pyo kaɗai take zaune. Wannan ce sarautarsa, sarautar da ba ta da kujera mai hannu.

Ya fara daga sama. A gidan da ba ka shiga lifta kafin na gaba da kai, ba ka kuma ɗaga tsinken cin abinci sai ya ɗaga, ba yadda za a yi manhaja ta sauka a teburin akawu kafin ta gaida Shugaba, mai kamfanin. Ya saka wa Shugaba, wanda ba abin da yake buɗewa in ban da wasan dara. Ya saka wa daraktoci biyu. Ya saka wa ɗan ƙanwar Shugaba, wanda ake gani sau biyu a shekara, sai da ya hure ƙura ma kafin ya ga madannin.

A sashen oda Uwargida Ok ta janye kujerarta tana fifita da ambulan.

"Ga likita nan. Ka taɓa mini hotunan jikata, wallahi sai na kai ƙararka wajen matarka."

"Yaya, ai layin masu kai ƙarata gunta ya kai tashar jirgi. Ki ɗauki lamba."

"Ka rame fa. Ungo." Ta tura masa wainar shinkafa biyu a takarda.

Ko'ina abu ɗaya ne: ya soka filas ɗin da manhajar ke ciki, kwamfuta ta tambaya ko da izinin mai kula, ya buga kalmar, ya tsaya yana kallon koren layi yana jan ciki. Yana jin daɗin wannan tambayar, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba. A duk faɗin Daegu ita kaɗai ke neman izininsa.

Laraba da hantsi ya gama ta talatin da shida, ta ɗakin baƙi, wadda ba mai zama a gabanta sai tukunyar fure. Saura tasa. Da gangan ya bar ta ƙarshe, don mai rabon abinci ba ya fara zuba wa kansa. Ya zauna, ya cire takalmi a ƙarƙashin tebur, ya buga kalmar. Koren layin ya tafi har ƙarshe, sai ga rubutu: babu sauran gurbi.

Ya yi tsaki, ya kira kamfanin da ya sayar musu da manhajar, ya shirya muryar da yake yi wa masu sakaci. Wata mata ta ɗauka.

"Kun yi mana ƙwauron gurbi ɗaya. Mu talatin da bakwai ne."

"Ranka ya daɗe, talatin da shida aka nema. Ga jerin sunayen a gabana, da hatimin Seok Jae-gu, tun ranar uku ga wata."

"Duba mini Pyo. Pyo Man-sik."

Ya ji tana lissafo sunaye ƙasa-ƙasa. "Babu shi. Ko shi ne mai kula da kwamfutocinku na da? Ai daga ɗaya ga wata mu za mu riƙa kula da su daga nan. Da wa nake magana, don Allah?"

"Da na da ɗin," in ji Pyo. Har godiya ya yi mata kafin ya ajiye.

Uku ga wata Juma'a ce. Ranar Lahadin da ta biyo baya shi da Seok suka hau dutsen Palgong, kamar yadda suka saba. Seok ya cinye masa rabin naɗin shinkafar da matarsa ta yi masa, yana yabon hannunta, har ya ce in sun yi ritaya su sayi ɗan fili su noma barkono tare.

A saman bene Pyo ya sami Seok, wajen masu shan taba.

"Jae-gu, tukunyar fure ta samu gurbi."

Seok ya dubi tabarsa kamar yau ya fara ganin taba. "Juma'a na so in gaya maka."

"Me ya sa sai Juma'a?"

"Tsoho..."

"Ka faɗa mana. Ai ba azumin magana kake ba."

"Kai kaɗai ka san kalmar. Shugaba ya ce in ka ji tun farko, wa ya sani."

"Shugaba ya ce, ko kai ka ce masa?"

Seok ya kaɗe tokar tabarsa. Ya ce ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Akwai wuri a siton kamfanin da ke garin Gumi, wajen ɗaga bandir-bandir na yadi, in Pyo yana so. Iskar can ma ta fi ta nan kyau.

"Da wannan bayan nawa? Ai kai ka raka ni asibiti."

"To ya kake so in yi? Yarana biyu suna jami'a."

"Nawa kuma a gona suke tsirowa."

Seok ya murƙushe tabar, ya share murya. Wai saura abu ɗaya: a mayar da ikon mai kula hannun kamfanin can, a cire sunan Pyo daga kwamfutocin. Yau ya fi, tunda maganar ta riga ta fito.

Pyo ya san zai iya cewa ya manta kalmar. Mutum mai shekara hamsin da biyu yana da ikon mantuwa. Sati guda za su yi suna zagaya kwamfutoci kamar kaji sun ga sabon akurki. Ya auna abin daga hawa na biyar zuwa na uku, ya yi masa daɗi ƙwarai, sannan ya tarar ba zai iya ba. Rabin aiki yana hana shi cin abinci. Wannan cutar ce ta kawo shi inda yake.

Amma ya ƙudura abu ɗaya. A ofishin Seok ya buɗe shafin mai kula, ya buga kalmar, ya ja da baya ya harɗe hannuwa.

"Bismillah. Da hannunka za ka cire ni."

Ya tsaya jiran kallo. Wannan mutumin ko hoto bai iya liƙawa a wasiƙa ba sai ya kira shi. Zai yi gumi, zai yi lalube, ƙarshe ya ɗago kai ya ce Tsoho taimaka, shi kuma ya bar shi ya jiƙa tukuna.

Seok ya ja kujera. Ya shiga nan, ya sauka can, ya zaɓi sunan, ya danna. Ko minti ɗaya bai cika ba.

"Wa ya koya maka?"

"An kai mu horo, watan jiya." Idonsa na kan allo. "Ranar Asabar."

"Ku da su wa?"

Seok ya saci kallon waje. Pyo ya juya ya dubi babban ofishin ta cikin gilashi. A shekara ashirin da uku bai taɓa ganin mutane sun duƙufa a kan aiki haka ba. Kai talatin da wani abu, ba ko ɗaya a ɗage.