Miyar Ayoyon Mulikatu

Duk unguwar Gumbihini an san cewa in ana maganar miyar ayoyo, wato lalo, sai dai a bar wa Mulikatu. Ba ta sayen ganye a kasuwa, daga ɗan lambun bayan ɗakinta take tsinkowa. To ana saura kwanaki kaɗan sunan jikanta na fari, sai tsutsa ta sauka a lambun, ganye ya fara komawa kamar rariya. Ga shi ita ce ta bugi ƙirji a gaban surukan 'yarta, mutanen unguwar Changli, cewa tuwon suna nata ne. Hankalinta ya tashi ƙwarai.

Mijinta Tahidu, wanda tun da ya bar tuƙin keke mai ƙafa uku yake neman abin da zai shugabanta, ya ce kada wanda ya kuskura ya sa maganin kanti a abin da za a ci. Ya daka ganyen darbejiya da barkono da tafarnuwa, ya jiƙa, ya tace, ya cika tsohuwar buta. Mulikatu ta ce ta ji sau ɗaya ake yayyafawa, a jira a gani. Ya ce ita da tukunya aka san ta, ta bar wa maza yaƙi.

Shi kuwa Tahidu ba ya iya tuna aiki sai ya ɗaura shi a jikin salla. Don haka yana sallamewa sai lambu, buta a hannu, asuba har isha'i. Tsutsa ta kama gabanta. Akuyar maƙwabcinsu Ziblim, da ta shekara tana ɓarna a gidan, ta lashi ganye ɗaya, ta tsaya tana kallon Tahidu da ɓacin rai.

Ranar suna ayoyo ya yi kore shar, miya ta yi yauƙi yadda ake so. Mulikatu ba ta ɗanɗana ba, don a wurinta ɗanɗana miya aikin 'yan koyo ne, kuma ta sha faɗa a gaban mutane.

Hajiya Lamisi, kakar jaririn ta wajen uba, ita ta fara kai loma. Ta rufe ido, ta daɗe ba ta buɗe ba.

"Mma Mulikatu," ta ce a hankali, "miyan nan akwai magani ciki?"

Tahidu ya yi caraf daga bakin ƙofa. "Zalla, Hajiya. Da hannuna na sa."

Ba a ture abincin surukai a ranar suna. Sai Hajiya ta sanar cewa irin wannan miya ce ke korar zazzaɓi, kowa ya ci don lafiyarsa. Mata suka ci suna hawaye suna sa albarka, har wata ta nemi ƙari don tsabar kunya. Da aka watse Mulikatu ta lashi ludayi, ɗacin darbejiya ya game mata baki, ta zauna a ƙasa.

Bayan nan an yi biki biyu a unguwar, babu wanda ya kira ta girki. An ce ta zo ta zauna ta huta, wannan hutun kuwa ya fi komai yi mata ciwo.

Wata safiya aka yi sallama. Shahida ce, matar Ziblim, riƙe da kwano. Zuciyar Mulikatu ta yi fari, ta ɗauka an tuna da ita.

"Mma, maigida ya kwana da zazzaɓi," in ji Shahida. "Ya ce ko akwai sauran miyan nan mai magani."

Mulikatu ta karɓi kwanon, ta shiga ɗaki ta yi kukanta, sannan ta fito ta ɗora tukunya.