Yatsun Kafinta

Tun daga bakin ƙofar asibiti muke jiyo muryar tsohon. Kafinta ne, garin katako har a gira, yana biye da surukarsa da ta saɓo yarinya a kafaɗa, yana ba kowa labari, har da mai shara. Surukar tasa sabulu take yi a gida. Ta jiƙa soda a robar ruwan sha ta ajiye bayan ƙofa, jikarsa ta dawo daga wasa da ƙishirwa ta kurɓa.

"Allah Ya sa ina gida," in ji shi. "Nan take na zura mata yatsa ta amayar da shi tas. Da yanzu wani labarin ake yi."

Ni nas ce, kuma na gaji da jin wannan magana. Duk mai kawo ta da fara'a yake kawo ta, shi ya sa take ƙona min rai.

Yarinyar ba ta isa shiga makaranta ba. Rediyo kakan yake kiranta saboda surutu, amma ranar ko uffan, sai yawu da ke dalala ta haɓa har ya jiƙa gaban riga. Likita ta haska bakinta da tocila. Leɓe ya ɗan yi ja, harshe lafiya lau. Uwar ta sauke ajiyar zuciya, tsohon kuwa har ya miƙe yana kakkaɓe wando.

"To ai shi ke nan, Likita. A ba mu magani mu tafi, aiki na baro."

"Baba, ba a baki ruwan soda yake ɓarna ba, wucewa kawai yake yi ta nan," in ji Likita. "Ka ga yawun nan? Haɗiya ce take mata ciwo."

Sai idonta ya sauka a hannunsa. Ya naɗe yatsu biyu da tsumma.

"Guduma ce ta same ka?"

"A'a, wajen sa ta aman ne. Ɗan raɗaɗi ne kawai."

Ta ce in kwance tsumman. Hannun kafinta ne, fata kamar ƙasan takalmi, ƙusa ma sai ta yi da gaske take huda ta. Amma yatsun nan biyu sun yi fari fat, sun yi santsi, fatar na saɓulewa tare da tsumman. Likita ta dube ni. Ban jira ta yi magana ba, na tafi shirya ɗakin kyamara.

Aka sa yarinyar barci, muka zura siririn bututu mai kyamara ta bakinta. Lafiyayyen maƙoshi ja-ja yake, yana sheƙi. Nata fari ne da toka-toka, wani wurin baƙi, miki ya zagaye shi kaf. Likita ta tsaya nan ta janye a hankali, don kada bututun ya huda wurin. Kuka ya zo min, amma hannuna biyu na riƙe da kan yarinyar.

A waje Likita ta yi musu bayani ba ɓoye-ɓoye. Maƙoshin ya ƙone sosai. In mikin ya warke zai iya tsukewa har ruwa ya kasa wucewa. Yanzu ta bututu za a riƙa ciyar da ita, kuma ba wanda zai ce ga ranar da za ta sake cin abinci da bakinta. Uwar ta sulale ta zauna a ƙasa.

Tsohon yana tsaye. "Amma ai na fitar da shi, Likita. Da idona na ga ya fito."

"Ya fito, Baba. Ta hanyar da ya shiga, ta nan ya fito."

Na ja shi gefe na tara hannunsa a famfo. Ya daɗe yana kallon yatsun, ruwa na bi ta kansu.

"Sista," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "waɗannan sau ɗaya ruwan soda ya taɓa su, ko?"

"Sau ɗaya, Baba."

"Ita kuwa da shiga da fita."

Na juya zan ɗauko magani da bandeji, ya zare hannunsa ya ɓoye a baya.

"Bar su haka, 'yata. Kada ki sa musu komai."