Mai Bin Sawu a Birnin Ƙaya

Sa'adiyya ta dawo Sabon Birni hutun jami'a da wani wasa da ta koya a Sakkwato. Mutum ɗaya ke ba da labarin wata tsohuwar duniya mai ganuwa da dodanni, sauran kowa ya ɗauki matsayi ya shiga ciki. Ƙwayar lido ce ke yanke ko abin da mutum ya yi niyya ya yiwu.

Matsayan da wasan ya zo da su na Turawa ne, sai ta mayar da su na Gobir ta dā. Jarumi mai sulke ya zama barde. Mai warkarwa ya zama wanzami da ƙahonsa. Mai sihiri kuwa, ta daɗe tana juya shi, a ƙarshe ta ba ɗan tauri gurbinsa. Ɓarawo ne ya gagare ta.

Bayan la'asar suka zauna a zaure: yayanta Muntaka tela, da Zainab 'yar kawunsu da 'yan bindiga suka taso daga Gatawa, da Yero abokin Muntaka, makiyayin da aka kore wa shanu, ya koma kabu-kabu da babur.

"Ba ni shiga ayarin da ke da ɓarawo," in ji Zainab. "Su sunka raba mu da gida."

Babu wanda ya kalli Yero, shi kuma ya lura da hakan.

"In babu shi, wa za ya san hanya?" in ji Sa'adiyya.

Yero ya gyara zama. "Wa yac ce maki sai ɓarawo ka sanin hanya? Kakata Hajo, in saniya ta ɓace, ƙasa takan duba ta gaya maka inda ta nufa, har da ƙafar da take ɗingishi. Irin wanga nika so."

Nan take Sa'adiyya ta cire ɓarawo, ta sa mai bin sawu.

A labarin, dodo ya kwashe mutanen wani gari ya tsare su a Birnin Ƙaya. Muntaka barde ya far wa ƙofa, ƙwaya ta ba shi ɗaya, doki ya kayar da shi. Zainab wanzami ta ɗaure masa ƙafa tana masa tsiya.

"Mi ke ƙasa bayan ganuwa?" in ji Yero.

Sa'adiyya ba ta shirya wannan ba. "Sawun awaki."

"To akwai kafa. Akuya ba ta jiran a buɗe mata ƙofa. Za ni bi."

"Sai ka samu biyar ko shida."

Ya jefa. Ƙwayar ta gangara ta tsaya gaban Zainab. Ta duƙa ta duba, ta ɗago tana murmushi. "Shida, Yero. Wuce gaba, muna bayanka."

Suka kutsa ta kafar, suka kwance mutanen. Da Sa'adiyya ta ce sun fito, Zainab ta ce a dakata, sai an kira sunan kowa. Ta shiga jero maƙwabtansu na Gatawa ɗaya bayan ɗaya, Yero yana cewa "ya fito", Muntaka yana kiɗa da faranti. Har Inna, mahaifiyar su Sa'adiyya, ta leƙo ta ga abin da ake wa shewa.

Ranar Juma'a zauren bai ɗauki mutanen da suka zo ba. Illo maƙeri ma ya zo da ƙorafi, wai ta yaya za a yi Gobir babu maƙeri. Sa'adiyya ta ce ya zauna, ta miƙa masa ƙwaya.