Daddawa da Ƙuli-ƙulin Saja Dalhatu

Saja Dalhatu ya rasu a gidansa na Sabon Garin Gusau da damina, a shekarar 1998. Tsohon sojan yaƙin Bama ne, ya dawo da ɗingishi da taurin kai, kuma bai ajiye ko ɗaya ba har ya koma ga Allah. Ba ya labarin yaƙi. Abu ɗaya yake maimaitawa har yara suka haddace: soja ba ya barin nasa a baya.

'Ya'yansa mata biyu ne, Rabi da ke aure a 'Yandoto ta Tsafe, da ƙanwarta Lantana a Kekun Waje ta Bungudu. Tun da Rabi ta ƙi zuwa sunan ɗan Lantana, aka kuma samu masu kai gulma da kawowa, suka daina magana. Yaron da aka yi rigimar a kansa yanzu har ya iya huɗa, amma gaba tana nan. Tsohon kuwa duk wata sai ya goge takalmansa ya hau mota, ya duba wannan, ya duba waccan. Kuma bai taɓa isa wurin Lantana ba tare da ƙullin ƙuli-ƙuli ba.

"Yayarki ta ce a kawo miki," haka yake cewa.

Lantana takan karɓa ta taɓe baki, yara su cinye. Ko tsinke ba ta taɓa mayarwa ba.

Ranar sadakar uku, abin ya tsaya mata a rai. Gobe kowa zai kama hanyarsa, mai haɗa hanyoyin kuma yana cikin kushewa. Kunya ta kama ta, da tsoron ta rasa uba da 'yar'uwa a mako guda. Ta sami Rabi a ɗakin mahaifiyarsu Inna Uwani, wadda ke zaman takaba, ta durƙusa.

"Yaya, na gode da ƙulin da kika aiko min shekarun ga duka."

Rabi ta dube ta sama da ƙasa. "Wane ƙuli? Ni ban aiko miki da komi ba. Ke ka aiko min daddawa, ni ko ina jin nauyin ban rama ba."

Inna Uwani ta ajiye carbi, ta nuna ƙarƙashin gado da baki.

"Ku jawo akwatin ga."

Tsohon akwatinsa ne na ƙarfe, na soja. Lantana ta buɗe, warin daddawa ya buge ta. Ƙulli biyu ne a kan kakinsa, na daddawa da na ƙuli-ƙuli, ɗaure tsaf irin ɗaurinsa, na tafiyar da bai samu yi ba.

"Kasuwa yaka sayo su," in ji Inna. "Na ce mishi, Malam, ƙarya da hurhura? Ya ce wagga dai ya ɗauke ta, Allah ya san nufinai."

Rabi ta rufe fuska da gyale. Lantana ta yi kuka sosai, kukan da ba ta iya yi ba ranar jana'iza. Da ta share ido ta ɗauki ƙullin daddawar da hannu biyu ta miƙa.

"Karɓi, Yaya. Wanga karon ni na kawo."