Aljanin da Ya Yi Sallama

Ranar Asabar bayan sallar la'asar, Khaulat ta ɗora kwamfutarta a kan benci a zauren kakanta Malam Iliyasu, a wani ƙauye da ke gabas da Ɗambatta. Ita da abokan karatunta biyu da suka rako ta, Mati da Naziru, sun shirya gajeren fim na ban tsoro da ban dariya, wanda za su miƙa wa malaminsu na kwaleji ranar Litinin, kuma a kansa makin darasin gaba ɗaya ya rataya. Mahaifinta kuwa ya riga ya yanke cewa fim ɗin ba zai bar gida ba sai Malam ya gani ya amince, domin ya ji an ce akwai aljani a ciki, shi kuma yana tsoron a yi wasa da abin da Allah Ya ambata a Littafinsa.

Malam ya gyara zama a kan buzunsa, ya yi bismilla, ya ce a kunna. Matarsa Inna Mairo ta tsaya daga bayan ƙofar cikin gida tana leƙe.

A cikin fim ɗin, Naziru ne ya fito a matsayin manomi, yana cin tuwo a ɗakinsa da tsakar rana. Sai murfin rumbu ya motsa a waje, wani abu ya sauko a hankali. Mati ne, an shafe shi da toka, ya sa buhun taki, da tsintsiya a ɗaure a kansa. Ya nufo ɗakin yana gurnani har ya iso bakin ƙofa. Nan ya tsaya cak, ya sassauta murya, ya yi sallama. Manomin, yana karkarwa, ya amsa. Aljanin ya cire silifas ɗinsa kafin ya taka tabarma.

Malam Iliyasu ma ya amsa sallamar daga inda yake zaune, ya cika ta har da rahama da albarka. Inna Mairo ta amsa daga bayan ƙofa. Sai da suka gama sannan suka tuna wa suka amsa wa. Dattijon da ba a cika ganin haƙoransa ba ya yi dariya har carbinsa ya faɗi, Inna Mairo ta zauna a ƙasa riƙe da ciki, Mati ya sa fuskarsa cikin hularsa.

Khaulat ta yi saurin ba da haƙuri. Ta bayyana cewa sau shida suka ɗauki wurin, kuma duk sanda Mati ya iso ƙofa bakinsa ke yin sallama ba da izininsa ba. A karo na bakwai ya danne bakin da hannu, amma Naziru ya amsa sallamar da ba a yi ba. Aka sake ɓarkewa da dariya, har sai da aka mayar da fim ɗin baya. A ƙarshensa aljanin ya shaƙe manomin, ya ja shi cikin rumbu.

Malam ya share hawaye da gefen rawaninsa, ya yi istigfari, sannan ya ce bai amince ba. Ya ce aljanu halittar Allah ne, a cikinsu akwai masu imani akwai kangararru, wannan kuwa da bakinsa ya nuna ɓangaren da yake.

"Wanda ya ce aminci ya tabbata a gare ka, ka amsa masa, bai halatta ya shaƙe ka bayan minti biyu ba. Kun zalunci wannan aljanin."

Khaulat ta ce za ta yanke sallamar yanzu-yanzu.

"A zaurena ba a yanke sallama, 'yar nan. Shaƙewar za ku yanke."

Mati ya tambaya cikin ladabi, idan ba zai shaƙe kowa ba, to me ya kawo shi? Malam ya ce ƙara ya kawo. Manomin nan yana watsa ruwan zafi a bayan ɗaki ba tare da bismilla ba, ya ƙona wa aljanin ɗa, shi ne uban ya zo a matsayin maƙwabci don a yi magana ta fahimta. Naziru ya ce to ina ban tsoron yake, Allah Ya gafarta Malam?

"Kai yaro ne. Ba ka taɓa ganin maƙwabci ya zo da ƙara cikin ladabi, ya zauna, ya ci tuwonka, ya ƙi tashi ba."

Inna Mairo ta ce wannan ta san shi, ta fara ambaton sunan mutumin, Malam ya tsayar da ita da cewa giba ce, alhali kafaɗunsa na girgiza.

Saura sa'a guda kafin magariba, hasken rana bai gushe ba. Mati ya roƙi Inna tokar murhunta, Naziru ya roƙi ɗumamen tuwo, Khaulat ta saita wayarta a bakin rumbun gidan. Malam ya biyo su da sandarsa, ya tsaya yana gyara wa aljanin zama, yana hana shi cin tuwo da hagu. Sau huɗu suka ɗauka, domin dariyar Inna Mairo tana shiga cikin sautin. Da suka kalli na huɗun, Malam ya ce wa Khaulat ta je ta gaya wa mahaifinta cewa ya gani, ya amince, ta kai fim ɗinta ranar Litinin da yardar Allah.